Yadda ake ɗaukar hoton tsuntsaye da kyan waje da wayar da ke hannunka

Duk wanda ya ga hoton tsuntsu mai kyau, irin wanda har ƙwayar idonsa kake gani tana sheƙi, tambayar farko da yake yi ita ce wace waya ce wannan. Ni ma da haka nake tambaya. Sai da na cika galari da hotunan wani baƙin ɗigo a tsakiyar sama wanda ni kaɗai na san shirwa ce, kowa na nuna wa sai ya ce datti ne a kan sikirin, sannan na gane matsalar ba ta wayar ba ce, lokacin da nake fita ne da inda nake tsayawa da kuma garajen da nake yi. To ga yadda nake yi yanzu daki-daki, kuma duk abin da zan faɗa yana aiki ko waya kake riƙe da ita ko ƙaramar kyamara.

Kafin ka taka ƙofa, goge gilashin kyamarar. Kar ka yi dariya, rabin hotunan da suke fitowa dishi-dishi kamar an ɗauke su cikin hayaƙi maiƙon yatsa ne kawai, waya ta kwana a aljihu ta yini a hannu. Ka sa ƙyalle mai laushi, irin na goge tabarau ya fi, in babu gefen riga mai tsabta ma ya yi. Daga nan ka shiga setin ɗin kyamara ka kunna layukan nan da suke raba sikirin gida tara, biyu a tsaye biyu a kwance. Ka kashe filas gaba ɗaya, haskensa ba ya wuce 'yan taku kaɗan, bishiyar da ke can nesa ba ta san ma ka kunna ba, tsuntsun da ke kusa kuma korarsa zai yi. Ka bar girman hoto a 4:3 don yawancin wayoyi a haka suke amfani da duk faɗin idon kyamarar, 16:9 ɗin nan da yake cika sikirin yanke sama da ƙasa kawai yake yi. Ka sa wayar a shiru saboda ƙarar ɗauka, ka duba caji da sarari a memori. Shi kenan shiri, minti biyu ya isa.

Abu na biyu shi ne lokaci, kuma in ka ce in zaɓi abu ɗaya tak cikin duk wannan rubutun shi zan zaɓa. Da sanyin safiya ake kama fara. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin ta faɗi, rana tana ƙasa-ƙasa, haskenta yana ratso iska mai kauri kafin ya iso, shi ya sa yake yin ja-ja mai taushi kuma yana zuwa ta gefe, sai ka ga ɓawon bishiya da ciyawa da gashin tsuntsu duk sun fito ɓaro-ɓaro da inuwarsu. Da rana tsaka kuwa hasken daga bisa yake dukan komai, sama ta yi fari fat, ƙarƙashin bishiya ya yi baƙi ƙirin, idon tsuntsu ya shige inuwa, kuma su kansu tsuntsayen sun shige ganye suna hutawa. Da safe ne suke fitowa neman abinci suna kuka, ka samu haske ka samu tsuntsu a tashi ɗaya. Ranar da gari ya yi lumshi kar ka ce yau babu hoto, girgije yana tace haske ne, furanni da ganye da ƙwari sun fi kyau a irin wannan ranar, sai dai ka rage yawan sama a cikin hoton tun da ba abin gani a cikinta. Bayan an ɗauke ruwa kuma, kai, wannan lokacin ba na wasa da shi, iska ta wanke, launi ya fito, ga ruwa kwance a ƙasa yana nuna sama kamar madubi.

Na uku, wuri. Ba sai ka yi tafiya ba. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, wani Bafaranshe Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi wajen 1826 ko 1827, kuma ba komai ba ne a ciki illa rufin gine-ginen da yake hangowa ta tagar gidansa, sai da farantin ƙarfen da ya ɗauki hoton a kansa ya sha haske na awanni da yawa kafin hoton ya kama. Wato tun farkon abin da ganin taga aka fara. Ka zaɓi wuri ɗaya kusa da kai, inda akwai ruwa ko bishiya mai 'ya'ya ko fili mai ciyawa, bakin tafki, bayan gida, gefen hanya inda wayar lantarki ta ratsa, ka riƙa komawa can. Zuwan farko ma ba sai ka ɗauki komai ba, ka duba ta ina rana take fitowa, wane reshe kurciya take sauka, ƙarfe nawa belbelu suke wucewa. A sati biyu za ka san wurin fiye da wanda ya zo da kyamarar miliyoyi ya yi yini ɗaya ya tafi.

Yanzu riƙon wayar. Hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, in akwai bango ko bishiya ka jingina. Ka taɓa abin da kake so ya fito a sikirin don fokas, wato inda hoton zai fi fitowa tas, ya sauka a kansa, kar ka bar wa wayar ta zaɓa maka don ita abin da ya fi kusa ko ya fi girma take kamawa, sai reshe ya fito tas tsuntsun ya zama hazo. In ka danna ka riƙe na ɗan lokaci fokas da haske za su kulle, a iPhone za ka ga rubutun AE/AF ya fito a sama, yawancin wayoyin Android ma suna da irin haka da alamar kwado. Kusa da inda ka taɓa akwai 'yar alamar rana, ja ta ƙasa hoto ya yi duhu, ja ta sama ya yi haske. Wannan 'yar ranar ita ce abin da mutane suka fi mantawa da shi, alhali ita take ceto faɗuwar rana daga zama farin fenti. Ni kusan kullum ina ɗan ja ta ƙasa kaɗan, domin wurin da ya yi duhu ana iya haska shi daga baya, wanda ya ƙone ya yi fari kuwa ya tafi kenan ba ya dawowa. Wajen dannawa kar ka caki sikirin kamar kana jin haushinsa, ka yi amfani da maɓallin ƙara sauti, ko ka sa taima na sakan biyu ko uku in abin ba mai motsi ba ne.

Maganar zum kuma, a nan ake asarar hotuna. In wayarka tana da gilashi na daban mai 2x ko 3x ko 5x, wannan zum na gaskiya ne, yi amfani da shi daidai lambarsa. Amma buɗa yatsu biyu har zuwa 20x ko 30x yanke tsakiyar hoton ne kawai a kumbura shi, shi ya sa gashin tsuntsu yake komawa kamar an shafa shi da soso. Gara ka ɗauka a zum na gaskiya ka yanke da kanka daga baya, ko ka matsa da ƙafarka.

Sai tsara hoton fili, tsauni ne ko gona ko bakin ruwa ko faɗuwar rana. Abin farko layin da sama ta haɗu da ƙasa ya miƙe, layukan da ka kunna ɗazu amfaninsu kenan, tafkin da ya karkace kamar zai zube ba ya kyau ko da launinsa ya kai ina. Kar ka sa wannan layin a tsakiya, ka tambayi kanka yau sama ce mai labari ko ƙasa, in gajimare ne suka yi ado ka ba sama kashi biyu cikin uku, in ba komai a sama ka ba ƙasa. Sannan ka nemi wani abu kusa da kai da zai shiga gaban hoton, dutse, kututture, ciyawa mai tsayi, kwale-kwale a ɗaure, domin ido yana ganin nisa da zurfi amma hoto shafe yake, in ba ka ba shi abu na kusa da na tsakiya da na nesa ba sai wurin da ya burge ka ya fito ba armashi. Hanya ko shinge ko rafi da ya taso daga kusurwar ƙasa ya nufi ciki yana jan ido ya bi shi. Kuma dan Allah ka durƙusa. Kowa daga tsaye yake ɗauka, shi ya sa hotunan suke kama da juna, ka sauke wayar zuwa gwiwa, ko ka juya ta kai ƙasa gilashin ya kusa taɓa ruwan da ya kwanta, ka ga abin mamaki. Kafin ka danna ka zagaya gefuna huɗu da ido, leda, rabin mota, sandar lantarki da ta tsiro a kan bishiya, taku ɗaya hagu ko dama yakan kawar da su. HDR, wani setin da ke cikin kyamarar waya, yana taimakawa inda sama ke da haske ƙasa ke da duhu, sai dai hotuna da yawa yake haɗawa wuri ɗaya, don haka ba ya shiri da abu mai motsi sosai.

To mu zo kan tsuntsaye, inda haƙurin mutum yake ƙarewa. Ka fara da waɗanda suka saba da mutane, tantabara, kurciya, hankaka, gwara, agwagwa a bakin ruwa, belbela a bayan dabbobi. Kar ka raina su, a kansu za ka koyi komai, kuma hoton hankaka mai kyau ya fi ɗigon gaggafa sau goma. Ka sa kaya marasa ɗaukar ido, ka sa rana a bayanka yadda inuwarka za ta nuna wajen tsuntsun. Kar ka nufe shi kai tsaye kana kallonsa ido cikin ido, haka mai farautarsa yake yi kuma ya sani. Ka bi ta gefe kamar wucewa za ka yi, taku biyu uku ka tsaya, ka ɗauki hoto ɗaya ko da nesa ne don kar ka tashi a tutar babu, ka ƙara taku biyu. Ka lura da shi, in ya daina kiwo ya miƙe wuya ya tsaya cak, ka kai iyakarsa, ka daskare har sai ya koma cin abincinsa sannan ka ƙara matsawa. Kowane tsuntsu da iyakar da yake yarda a kai, kuma ɗaga hannu da sauri ya fi tafiyar kanta tsorata shi, saboda haka wayar ta riga ta kasance a gaban ƙirjinka tun kafin ka matso.

Abin da ya fi wannan duka shi ne kar ka bi shi sam. Ka zauna. Ka samu gindin bishiya kusa da inda suke shan ruwa ka yi shiru minti goma sha biyar ko ashirin, da farko za su watse, can sai ka ga ɗaya ya dawo, sai biyu, har su manta da kai su zo kusan da ba za ka taɓa samu ba da ƙafa. Mota ma maɓoya ce mai kyau, tsuntsun da zai tashi in ka fito zai zauna in kana ciki ka sauke gilashi a hankali. In kana da tsakar gida ko baranda ka ajiye faranti mai faɗi marar zurfi da ruwa, ka kafa busasshen reshe kusa da shi a inda bayansa babu tarkace, domin kafin su sauka kan ruwa sukan tsaya a reshe su leƙa, a nan za ka kulle fokas ka jira. Ka riƙa canza ruwan kullum ko bayan kwana biyu saboda sauro da datti.

Fokas a kan ido. In ido ya fito tas an yafe wa jela, in ido ya yi hazo hoton ya mutu ko da kowane gashi ya fito. Ka jira ya ɗan juyo da kai wajen haske har ka ga ɗan farin ɗigo a cikin idon, wannan ɗigon shi ne ran hoton. Ka yi ƙoƙari ka kasance daidai tsayin idonsa, in a ƙasa yake kiwo ka kwanta ko ka tsuguna, ta haka bayansa zai yi nisa ya narke, ba ka ɗauko shi daga sama ƙasa ta cika hoton ba. Ka bar masa fili ta gaban da yake kallo. Farin tsuntsu kamar belbela a gaban duhun ganye ka rage haske, in ba haka ba zai zama farar takarda ba gashi. Tsuntsun da ke kan wayar lantarki da farar sama a bayansa kuma ka ƙara haske, ko ka rungumi abin ka bar shi ya zama baƙar inuwa a gaban jan sama, shi ma ado ne.

Na tashi sama shi ne mai wuya. Tsuntsaye suna fuskantar iska in sun zauna kuma cikin iska suke tashi su sauka, don haka ranar da iska da rana duk suke bayanka wajenka za su taso. Kafin ya tashi yakan ɗan duƙa, sau da yawa ma sai ya yi kashi tukuna, in ka ga haka yatsa ya shirya. Ka yi ɗaukar jere, wato hotuna da yawa bi da bi cikin sauri, a iPhone na yanzu ka ja maɓallin ɗauka hagu ka riƙe, a Samsung ka ja shi ƙasa, cikin ashirin wataƙila ɗaya ne fukafukan suka buɗe yadda kake so. Ƙananan tsuntsayen nan masu cafke ƙwari a iska suna da wata ɗabi'a mai daɗi, su tashi su cafko su dawo reshen da suka bari, don haka kar ka bi su da waya, ka tsaya a kan reshen. Tsattsewa kam ka bar ta sai ka ƙware, na ɓata safiya guda a kanta na dawo da hotunan sama zalla.

In wayarka tana da sashen Pro ko kana da kyamara, lambobi uku ne. Saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da idon kyamara yake buɗe: tsuntsu a zaune 1/500 na sakan ya isa, mai tashi 1/1000 zuwa 1/2000, ƙanana masu saurin fiffike har fiye. ISO shi ne yadda ake ƙara ƙarfin hasken da ya shigo, 100 zuwa 400 da rana, in ka ɗaga shi sosai hoto yana yin tsakuwa-tsakuwa, amma gara tsakuwa da hazo, kar ka ji tsoron 1600 a kyamara in gari bai gama wayewa ba. Sai ƙofar haske mai alamar f, ƙaramar lamba kamar f/5.6 tana buɗe ƙofa ta narkar da baya, f/8 zuwa f/11 tana sa kusa da nesa su fito, ita ce ta hoton fili. A yawancin wayoyi wannan ta ukun a kafe take ba a taɓa ta. Mai son sayen gilashin kyamara don tsuntsu ya nemi 300mm zuwa sama, wato lambar da ke nuna yadda gilashin yake jawo nesa kusa, kuma ya tuna tsohuwar ƙa'idar nan, in kana riƙe da 400mm a hannu kar saurin ya gaza 1/400.

Akwai wata dabara ga mai madubin hangen nesa, irin mai lamba 8x42 da masu kallon tsuntsu suka fi riƙewa. Ka saita shi da idonka tukuna, ka ɗora shi kan wani abu da ba ya motsi, ka manna gilashin wayar a ido ɗaya, za ka ga da'ira da baƙi kewaye, ɗan zum kaɗan ya kore baƙin. Yana da cin rai kafin hannu ya saba amma yana kawo zalɓen da ke can tsallaken ruwa kusa. Ko da wasa kar ka juya shi wajen rana, yana iya lalata ido nan take.

Sheƙa kuma a bar ta. In uwa tana ta kewaya tana kuka kai ne matsalar, ka ja baya, ƙwai yana hucewa ko ya gasu a rana in ta daɗe ba ta koma ba, kuma karya reshen da ya rufe sheƙa don hoto ya fito nuna wa maciji da hankaka hanya ne. Kunna musu kukan 'yan uwansu a waya don su fito ma ba na so, wahalar da su ne a banza.

Ranar da tsuntsu ya ƙi, ka sunkuyar da kai. Raɓa a kan yanar gizo-gizo da rana a bayanta, layin tururuwa, ƙadangare a kan bango, tsohuwar ƙofa da fentinta ya ɓare, inuwar keke da yamma ta yi tsawo. Ka matso har inda fokas ya ƙi kamawa sai ka ɗan ja baya kaɗan. In mutum zai fito a gane shi ka tambaye shi, yara kuma sai da izinin iyayensu, gine-ginen tsaro ka kauce musu gaba ɗaya.

Da ka dawo, tun abin yana da zafi ka zauna ka share. Cikin jeren ashirin ka buɗe ido ka duba, ka bar ɗaya ko biyu. Gyara kuma kaɗan, manhajar Snapseed ko Lightroom ta waya ko ma editan da ya zo da galari: miƙe layin sama, yanke, rage wurin da ya yi haske da yawa, ɗaga inuwa kaɗan, shi kenan. Kar ka murɗa launi har ciyawa ta koma kamar roba, kowa yana ganewa. In ba ka san sunan tsuntsun ba manhajar Merlin Bird ID ta Cornell Lab of Ornithology, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, kyauta ce, ka ba ta hoton da wuri da rana ta kawo maka waɗanda take zato, amma ka gwada da idonka don takan yi kuskure, ita wannan cibiyar ce kuma take da shafin eBird tun 2002 inda mutane ke rubuta tsuntsayen da suka gani. Hoton waya yakan ɗauki bayanin inda aka ɗauke shi a ɓoye a cikinsa in ka bar lokeshan a kunne, ka cire kafin ka tura in daga gidanka ne ko kusa da sheƙa. Wajen turawa ta WhatsApp ka danna HD ko ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi gashin da ka sha wahala a kansa ya narke. Waɗanda ka fi so ka ajiye kwafinsu a wani wuri daban, Google yana ba da 15GB kyauta amma da Gmail da Drive ake raba shi, in ya kusa cika ka kwashe su zuwa kwamfuta ko katin memori.